Zangon Mushum a tafkin La Ronge: littafin aiki

23 ga Satumba, 2023

Akwai wani tsohon ɗakin gungumen itace a wani lungu na tafkin La Ronge, a arewacin lardin Saskatchewan na Kanada, wanda wani dattijo ɗan ƙabilar Cree ya gada daga mahaifinsa. Rufin ya rufta ta gefe guda, murhun ƙarfen ya ci tsatsa, sandunan shanyar kifi sun ruɓe. Niyyarmu mu tayar da ɗakin, mu bi dattijon shekara guda muna rubuta yadda yake su da ɗana tarko, sannan in Allah ya kai mu lokacin zafi mu kawo yaran makaranta su kwana a wurin su koya da hannunsu.

Mu huɗu ne: dattijon, matarsa, jikansu da muke koyarwa tare a makaranta ɗaya, sai ni. Yara na kiran dattijon Mushum, matar kuma Kokum, wato kaka namiji da kaka mace da harshen Cree, ni ma na bi sahu. Shi kuma "yarona" yake ce mini, duk da furfurar da ke gemuna. Jikan ya jawo ni ne don ya ji ni ɗan Yawuri ne, gidan masunta.

Garin La Ronge na da nisan kusan kilomita 240 arewa da Prince Albert. Tafkin na da tsibirai sama da 1,300, ruwansa kuma yana fita ta kogin Rapid ya zubo a gangaren Nistowiak ya shiga kogin Churchill. Yawancinsa yana cikin gandun shaƙatawa na lardi, inda mutanen kudu ke zuwa kafa tanti da jefa ƙugiya.

Doka ce ta raba mana aiki tun ranar farko. Al'ummar Mushum, Lac La Ronge Indian Band, ta shiga Yarjejeniya ta 6, wadda ke tsakanin gwamnati da 'yan asalin ƙasa, a 1889, shekara 13 bayan an ƙulla ta a Fort Carlton a 1876. Yarjejeniyar ta bar musu haƙƙin farauta da su, an maimaita shi a 1930 sa'ad da gwamnatin tarayya ta miƙa wa lardi filaye da albarkatu, sashe na 35 na tsarin mulkin 1982 kuma ya ƙara ɗaure shi. Don haka Mushum na da ikon saka raga don cin gidansa, ba don sayarwa ba. Ni baƙo ne, lasisin ƙugiya gare ni irin na kowa. Raga da tarko nasu ne. Guduma, zarto, tukunyar shayi da littafin rubutu nawa ne. Ɗan masunci ya tsaya hannu a aljihu ana jan raga, akwai ciwo, amma ban ga laifin tsarin ba.

14 ga Oktoba

Rufi ya hau. Mushum ya so a maido da irin na mahaifinsa, jikan ya dage sai kwano saboda tartsatsin wutar daji. Wanda ya ga 2015, shekarar da gobara ta sa aka kwashe mutanen La Ronge zuwa kudu, ba ya dogon musu a kan kwano. Wajen toshe tsakanin gungume kuwa Kokum ce ta yi nasara: gansakukar fadama muka cusa, ta ce kumfar gwangwani ta kanti abincin ɓera ce.

Muhimmin abin makon nan shi ne farin kifi. A ƙarshen kaka yake taruwa a wurare marasa zurfi masu duwatsu don zuba ƙwai, kuma a kansa gidajen da suke dogara wajen tanadin hunturu. Mushum da jikan sun saka raga da yamma, suka ɗaga da safe. Daga nan aiki ya koma hannun Kokum. Tana tsaga kifin ta baya, ta zare ƙashin tsakiya, ta buɗe tsokar ta zama falle ɗaya siriri, ta yi mata tsage-tsage ba tare da ta huda fatar ba, sannan ta rataye a kan sanda. Wutar da ke ƙasa ba a barinta ta yi harshe. Hayaƙi kawai ake so, kwana da kwanaki, da icen da ba shi da ƙaro. Itatuwan nan masu ganye kamar allura, waɗanda suka cika dajin, ba a kusantar da su, don ƙaronsu na ɗaɗɗaure kifi da ɗaci.

Na gaya mata yadda muke banda a gida: a naɗe tarwaɗa, a tsire ta, a ɗora kusa da wuta mai ƙarfi har ta yi baƙi, domin zafin rana da ƙuda ba sa ba ka ko wuni guda. Ta yi dariya ta ce a nan iska ce ke yin rabin aikin. Gaskiya ne. Kifinta ya fito jaja-jaja, yana lanƙwasuwa bai karye ba. Wani ta ajiye haka, wani ta daka ya zama gari ta cuɗa da kitse da 'ya'yan itacen daji.

Mushum ya nuna mini ragowar wasu manyan turaku a bayan ɗakin. A zamanin mahaifinsa, a nan ake rataye kifin karnuka, a soke a jere a sanda, sanyi ya daskarar da shi. Karnukan da ke jan keken ƙanƙara kifi suke ci kullum, don haka yawancin kifin da ake kamawa a kaka nasu ne, ba na mutane ba. Da kamfanin Bombardier ya fito da Ski-Doo a 1959, babur ɗin ƙanƙara ya kori karnuka a hankali. An huta da ciyar da kare, aka shiga sayen fetur.

11 ga Nuwamba

Babu tafiya. Bakin tafki ya fara daskarewa, jirgi ba ya wucewa, ƙanƙarar kuma ba ta kai ta ɗauki mutum ba. Mun koma ɗakin girkin Kokum a cikin gari da na'urar ɗaukar murya.

Abin da na fahimta daga zaman nan shi ne, ba lalaci ne ya raba samarin yau da wannan sana'a ba. Da can iyali gaba ɗaya ke tashi su tafi layin tarko a kaka, ba sa dawowa sai ƙanƙara ta narke, yaro na koyo yana biye da uwa da uba. Sai makarantun kwana na gwamnati da coci suka shigo, waɗanda hukumar gaskiya da sulhu ta ƙasar, a rahotonta na 2015, ta ce yara kusan 150,000 suka ratsa ta cikinsu. Kuɗin tallafin iyali da aka fara biya a 1945 kuma an ɗaure shi da zuwan yaro makaranta. Uwa ta zauna a gari da yara, uba ya tafi daji shi kaɗai. Mushum kansa an ɗauke shi yana ƙarami, ya ce da ya dawo sai da ya sake koyon taka ƙanƙara a hannun kawunsa. Bai ƙara komai a kan wancan zaman ba, mu ma ba mu tono ba.

Maganar gandun shaƙatawa ce ta ɗaga masa murya. A kudu da nan akwai gandun ƙasa na Prince Albert, wanda aka kafa a 1927. Da aka shata iyakarsa, Cree da Métis (al'ummar da ta fito daga auratayyar 'yan asalin ƙasa da Turawa) da suka daɗe suna farauta da tarko a ciki aka hana su. A cikin wannan gandu ne, a bakin tafkin Ajawaan, hukuma ta zaunar da wani Bature ɗan Ingila mai suna Archie Belaney, wanda ya yi basaja da sunan Grey Owl yana cewa shi ɗan asalin ƙasa ne, asirinsa bai tonu wa duniya ba sai da ya mutu a 1938. Har yau masu yawon buɗe ido na takawa kilomita 20 a ƙasa don ganin ɗakinsa. Na jabu ya samu ɗaki a bakin ruwa, na gaske an nuna musu hanya. Wanda ya tashi a Yawuri bayan dam ɗin Kainji na 1968 ba ya bukatar dogon bayani a kan yadda takarda daga nesa ke raba mutum da gaɓar ruwansa.

Ba duk abin da hukuma ta yi yake kushewa ba. A shekarun 1930 masu tarko daga waje sun kusa ƙarar da biba, dabbar nan mai faffaɗan wutsiya da ke datse ruwa da itace. A 1946 aka yanka arewacin lardin gida-gida, kowane yanki da masu tarkonsa na wurin da adadin da aka yarda su kama, biba kuwa ta dawo. Abin da ya ɓata wa iyayensa rai shi ne tilasta musu sayar da fatar ga hukumar gwamnati, su jira kuɗi, maimakon ɗan kasuwar da ke ba su bashin gari da shayi kafin su shiga daji.

16 ga Disamba

Bana sanyi ya makara, dusar ƙanƙara ma kaɗan ce, ana ta danganta abin da El Niño, ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya yanayi. Shawarar hukuma ita ce kauri ya kai santimita 10 kafin a taka, 20 kafin babur, 30 kafin ƙaramar mota. Mushum bai ƙi awo ba, amma dagi yake riƙewa, yana sara yana sauraro. Baƙar ƙanƙara mai sheƙi ita ce mai ƙarfi, fara mai kumfa ba ta da amana, mashigin da ruwa ke gudu tsakanin tsibirai kuwa ko a tsakiyar hunturu kewaye shi yake yi.

Mun isa ɗakin ta bakin gaɓa. Murhu ya kama, hayaƙi na fita ta inda ya kamata. Jikan ya ɗana wa zomo zarge na waya a kan hanyoyinsu, faɗin dunƙulen hannu, tsayin yatsu huɗu daga ƙasa. Sun kuma kafa akwatunan matin a jikin itatuwa. Dabba ce siririya mai laushin gashi, kuma fatarta na cikin waɗanda har yanzu ke da ɗan daraja. Mushum ya ce a kula da zomo, don yawansa na hawa ya faɗi kusan duk shekara 10, kyanwar daji mai cin sa kuma na bin sa a baya.

Rana a nan yanzu ba ta fi awa 7 da 'yan mintuna ba. Kana idar da azahar, ka ɗan juya, la'asar ta yi.

27 ga Janairu, 2024

Tsakiyar wata sanyi ya rama bashinsa, ya kai 40 ƙasa da sifili, kowa ya shige gida. Da ya sassauta muka fita saka raga a ƙarƙashin ƙanƙara, abin da na fi ɗokin gani a duk aikin nan.

Tambayar ita ce: ta yaya za ka miƙa raga mai tsawon yadi 100 a ƙarƙashin rufin da ba ka iya ɗagawa? Da can doguwar sanda suke turawa daga rami zuwa rami, a yi ta haƙa. Yanzu jiga ake amfani da ita, wadda masuntan yankin tafkunan Manitoba suka ƙirƙiro a farkon ƙarnin da ya wuce. Katako ne mai tsawon mutum, an tsaga tsakiyarsa, an sa masa hannun ƙarfe mai tsini. Ana zura shi ta rami, ya taso ya manne da cikin ƙanƙarar. In mai riƙe da igiya ya ja, tsinin ya caki ƙanƙara ya ingiza katakon gaba. In ya saki, hannun ya koma mazauninsa. Ja, saki, ja, saki, jiga na rarrafe tana jan igiya a bayanta. Mutum na biyu na bin ta a sama, kunne a ƙasa, yana sauraron ƙas-ƙas ɗinta ta cikin dusa. Inda igiya ta ƙare nan ake huda rami na biyu, a ciro jiga, shi ke nan igiya ta haɗa ramukan biyu. Sai a ɗaura raga a ja ta ciki.

Mushum ne ya yi sauraron, ya cire hular kunne a wannan sanyi, ya tsaya ya buga ƙafa ya ce a huda nan. Aka huda, sai ga jan katakon a ƙasa. Ya ja kunnen jikan a kan abu ɗaya: ragar ta sauka ƙasa sosai, don in 'yan tulunta suka taɓa ƙanƙara za su daskare a ciki, sai dai a yi mata bankwana.

Washegari aka ɗaga. Farin kifi ya fi yawa, sai wolai mai ƙayar baya, da fayik mai dogon baki, da wani mai santsi da suke kira maraya wanda hantarsa Kokum ke so. Da hannu tsirara ake zare kifi daga raga, in yatsu suka sandare sai a tsoma su cikin ramin, don ruwan ya fi iskar ɗumi. An raba kifin gida-gida, tsofaffi da farko.

17 ga Fabrairu

Biba. Ana neman gidanta, tulin itace da laka a bakin ruwa, a duba ko akwai raɓar numfashi a samansa, a huda ƙanƙara a kan hanyar shigarta, a saka tarko da ɗanyen reshe. Tarkon irin na Conibear ne, wanda wani mai tarko ɗan Kanada, Frank Conibear, ya ƙera, mai kashewa nan take. Tsohon tarkon kama ƙafa ya ja baya tun da Tarayyar Turai ta matsa, har aka ƙulla yarjejeniyar ƙa'idojin tarko tsakaninta da Kanada da Rasha a 1997. Mushum ba ya share gida. Ya ɗauki kaɗan ya matsa gaba, baɗi ya bar wannan gidan ya huta. Kafin ya taɓa dabbar sai da ya ajiye taba a kan ƙanƙara, al'adarsu ta godiya.

Fiɗar na cin lokaci, a kankare kitse, a buga fatar a allo ta zama da'ira. Da muka zauna da jikan muka lissafa fetur, man inji da gyaran babur, muka kwatanta da abin da fatun bana za su iya kawowa, lissafin bai tashi ba. Wannan ce dabbar da aka kafa kamfanin cinikin fatu na Hudson's Bay a kanta a 1670, wadda fatarta ta taɓa zama ma'aunin kuɗi a wannan ƙasa, hotonta na kan kwabon santi 5. Babbar kasuwar gwanjon fatu ta Toronto ta durƙushe a 2019, yanzu ido na kan ta North Bay. Mushum ya ce shi ba don kuɗi yake fita ba: nama na shiga tukunya, fata na zama hula da safar hannu, kuma layin da aka bari ba a takawa, gobe kamfanin katako ko na ma'adinai zai ce babu mai shi. Wannan dalili na ƙarshe shi ne na ga ya fi nauyi.

23 ga Maris

Azumi ya hana ni fita tafki sosai. Kokum ta lura, kullum sai ta aiko jikan da miyar kifi da banok, gurasarsu, daf da faɗuwar rana.

An yi zama da iyayen yara, kuma an rabu biyu. Wasu na so a yi zangon a filin tanti na gandun shaƙatawa: akwai titi, akwai banɗaki, akwai ruwan famfo, motar asibiti na iya zuwa. Ba zan raina wannan ba, da ɗana ne ni ma zan tambaya. Mushum ya saurara har aka gama, sannan ya ce a filin tanti ba a sare itace, wuta sai a cikin murhun da aka kafa, maƙwabcinka kuma ya biya kuɗi don ya huta ne, ba don ya shaƙi hayaƙin kifi kwana uku ba. "Me zan koya musu a can? Yadda ake gasa burodi da tsiren kanti?" Ba a yanke hukunci ba.

25 ga Mayu

Ƙanƙara ta tafi. Mun leƙa filin tanti na Nut Point, kusa da gari, mako guda bayan buɗe kakar zango. Wuri ne mai kyau, tsaf-tsaf, kowane fili da lambarsa da teburinsa, ana kama shi ta intanet tun watan Afrilu. Dokokinsa sun dace da waɗanda aka yi su dominsu. In aka bar kowane baƙo ya sari reshe, shekara biyu ba za a ga inuwa ba. Sai dai baƙo hutu ya kawo shi bakin ruwan nan, Mushum kuwa wurin aikinsa ne, dokar da ta yi wa ɗaya daidai ta ɗaure wa ɗayan hannu. Ra'ayina ya karkata ga ɗakin daji, na kuma faɗa a fili.

Ɗakin ya fita hunturu lafiya. Beyar ya yage ƙofar rumbun kifi, mun sake ta da katako mai kauri.

22 ga Yuni

An daidaita: daren farko a filin tanti tare da iyaye da ƙananan yara, sannan manyan yara su wuce ɗakin daji a jirgi su yi kwana biyu. Mushum ya ce rabin kifi ya fi babu.

Mun haƙa masai nesa da ruwa, mun kafa matakalar jirgi, mun share wurin tanti uku. Sauro da ƙananan baƙaƙen ƙudaje sun sha jininmu. Dare kuwa kusan babu shi, rana na kai awa 17 da ɗoriya, jan sararin magariba bai gama gushewa ba alfijir ya keto.

Jikan ya ba da shawarar a kai yaran zuwa garin Stanley Mission su ga cocin Holy Trinity, wanda aka gina tsakanin 1854 da 1860, gini mafi tsufa da ke tsaye a lardin, da zanen kakanninsu na jan ƙasa a jikin duwatsun kogin Churchill. Kokum ta ce a bari sai wani karo, kwana biyu ko tsaga kifi ba su isa ba.

13 ga Yuli

Gwaji da jikokin gidan kawai. Sun saka raga da kansu, sun ɗaga da kansu. Wata yarinya 'yar shekara 12 ta lalata kifi biyu, na uku ya fito falle ɗaya, Kokum ta ɗaga shi ta duba ta rataye ba ta ce komai ba. A wurinta yabo ke nan. Samarin sun fi son tuƙa jirgi da komai, an ce musu babu inji sai wanda ya iya gyara ragar da ta yage.

Abin da ya rage kafin zangon Agusta: rigunan ruwa masu girman yara ba su cika ba, wayar tauraron ɗan'adam aro za mu yi, jirgi na biyu har yanzu alkawari ne. In aka sa dokar hana kunna wuta saboda fari, shanyar kifi da hayaƙi ta tsaya, sai mu koma kan ɗinkin raga da tsinkar ganyen shayin fadama. Jimar fata an ɗage ta zuwa kaka, sai an samu mus, babbar dabbar dajin nan mai faffaɗan ƙaho, kuma Kokum ta ce tun yanzu a fara tara mata ruɓaɓɓen icen da ake turara fatar da shi. Muryoyin da muka ɗauka a Nuwamba ma suna jiran mai rubuta su da harshen Cree. Jikan ya yi magana da wata gwaggonsa, za ta ba mu amsa bayan an gama girbin shinkafar tafki a Satumba.